Na koma girki da gawayi, 'yata ta ce muna ƙara wa duniya zafi

Maman Walida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema, kuma abin ya dame ni sosai. Mu takwas ne a gida, a nan Kano wajen Kurna. Shekara biyar na yi ina girki da gas, har na manta yadda hayaƙi ke cin ido. Lokacin da na fara, dubu huɗu da 'yan kai ke cika mini silinda mai kilo 12.5. Da kuɗin ya haura dubu goma sha biyar, Baban Walida ya ce ba zai iya ba, ga kuɗin makaranta ga cefane. Muka sayi kurfoti muka koma gawayi. In za a yi abinci mai yawa kuma sai a haɗa murhu a tsakar gida a sa itace.

Jiya da la'asar ina fifita wuta Walida ta dawo daga makaranta, ta tsaya tana kallona. Ta ce malaminsu ya gaya musu kowane buhun gawayi bishiya ce aka kashe, kuma hayaƙin yana cikin abin da ke ɗumama duniya. Ta ce, "Umma, ashe mu ma muna ciki." Ban ce mata komai ba, amma wallahi maganar ta hana ni barci. Ni a ƙauye na tashi. Na san dajin da ke bayan garinmu, inda muke tsintar magarya da aduwa, har ana hana mu shiga can ciki. Da na je biki bara, daga bakin masallaci kana hango garin da ke gaba, fili ne fetal.

Tambayata ita ce, gida irin namu me zai iya yi? Don Allah kada a ce mini in sa sola ta miliyoyi, ba mu da shi.

Abban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki gaya wa yarinyar nan ba kurfotinki ya lalata duniya ba. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kabon da ke fita a duniya, wato iskar da ke ɗumama ta. Sin ita kaɗai ta kusa kashi ɗaya cikin uku. Mutum ɗaya a Amurka yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. Ƙasashen Yamma su suka ƙona kwal sama da shekara ɗari biyu suka gina ƙasashensu, yanzu sun ƙoshi sun dawo suna koya wa 'ya'yanmu jin kunyar tukunyar uwarsu. A 2009 a taron sauyin yanayi na Kofanhagan ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020 don taimaka wa ƙasashe irin namu, wa'adin ya zo ya wuce ba su cika ba. Ni wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai.

Injiniya:
Yaya Abban Khalifa, alƙalumanka daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ba abin da Hajiya ta tambaya ke nan ba. Ita dajin garinsu ta gani da idonta ya ƙare, kuma ba Ba'amurke ne ya zo ya sare shi ba. Buhu-buhu aka loda shi a mota aka kawo mana birni.

Hajiya, bari in yi miki bayanin gawayi yadda yake. A ramin da ake binne itace a rufe da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Wato mafi yawan ƙarfin itacen a daji ya tafi, ya bi iska, tun kafin buhun ya iso ƙofar gidanki. Shi ya sa in daji ake magana, gawayi ya fi itace ɓarna, duk da ya fi shi tsabta a kicin. Kuma masu yin sa ba sa neman sabara ko kalgo, manyan itatuwa masu tauri suke nema, kirya da marke da kaɗanya, waɗanda sai sun yi shekaru masu yawa kafin su kai girman da ake so.

Shi kuma murhun duwatsu uku, abin da ke isa gindin tukunya daga zafin wutar bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Saura iska ke kwashewa. Rishon gas yana kai fiye da rabi.

Abban Khalifa:
To shi gas ɗin daga ina yake? Ba daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi ba kamar fetur? Itace aƙalla yana sake tsirowa.

Injiniya:
Haka ne, gas ma yana fitar da kabon. Kilo ɗaya in ya ƙone yana ba da wajen kilo 3, wato silindar Hajiya guda ta kai kilo 37 ko 38. Kuma da a ce duk bishiyar da aka sare ana barin wata ta maye gurbinta, da itace ya fi, don sabuwar za ta sake shanye abin da tsohuwar ta saki. Matsalar ita ce ba a mayarwa. Ka tsaya a hanyar Kaduna zuwa Kano da asuba ka ƙirga motocin gawayi da itace da ke shigowa, sannan ka nemi inda ake dasa madadinsu.

Iyan Biyu:
'Yata Maman Walida, ki saurare ni, na kusa shekara arba'in ina girki, mafi yawa a kan itace. Tun kafin a zo da wannan magana ta yanayi mun san tattalin wuta, don mu muke zuwa ɗebo itacen.

Wake, in za ki dafa gobe, jiƙa shi tun da daddare. Wanda aka jiƙa ba ya cin rabin wutar da busasshe ke ci, ga 'yar kanwa in kin sa. Kada ki ɗora tukunya ba murfi, ko ruwan zafi ne. Ki gama yanka albasa da jajjage da wanke shinkafa kafin ki hura wuta. Yawancin yaran yanzu sai sun hura gawayi ya yi jajir sannan su fara neman wuƙa. In kin sauke tuwo, kada garwashin ya tafi a banza, ki ɗora ruwan wankan yara ko na koko. In kuma kin gama, ki kwashe ragowar garwashin ki zuba a tsohuwar tukunya ki rufe ruf, zai mutu da kansa, gobe ki ƙara da shi. Kada ki kashe shi da ruwa ki watsar.

Sai abu ɗaya da wata maƙwabciyata ta koya mini, na raina shi da farko. Shinkafa ko wake in ya tafasa sosai kamar minti goma, ki sauke tukunyar da murfinta, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki cusa cikin kwando ko kwali, ki rufe sama da matashi. Ki tafi harkarki. Bayan awa ɗaya shinkafa ta nuna, wake kuwa ki ba shi awa biyu zuwa uku. Ba ƙonewa, ba kama gindi. Ranar farko ban yarda ba, na riƙa zuwa ina leƙawa, ashe leƙen ne ke fitar da zafin. Ki bar shi kawai.

Maman Walida:
Iya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wannan na bargo ban taɓa ji ba. Naman kai ko ƙafar sa ma zai yi?

Iyan Biyu:
Zai yi, amma ki bari ya daɗe yana tafasa kafin ki sauke, kamar rabin awa, kuma kada ki bar nama ya kwana a ciki har ya huce. In kin buɗe kin ga ya sauka daga zafi, ki sake tafasa shi kafin a ci.

Mai Gawayi:
Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar sana'ata, bari in sa baki. Shekara tara ina sayar da gawayi. Da shi nake ciyar da mata da 'ya'ya shida da mahaifiyata. Ba na jin daɗin yadda ake maganarmu kamar ɓarayin daji. Ni na san dajin yana ƙarewa, na fi ku sani ma, don da daga kusa ake kawo mana, yanzu sai an nausa can cikin Neja da Kwara da Taraba, kuma kuɗin mota ya ninka. Amma wa ke saye? Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutanen da a da ko kallon rumfata ba sa yi, ma'aikata masu motoci, su ne yanzu ke aiko yara da leda. Masu gasa nama da masu shayi da masu guga duk a kanmu suke. In an rufe mu yau, da me za ku dafa gobe?

Ɗan Fage:
A hana kawai. Gwamnati ta kama duk motar da ta ɗauko gawayi, a ga ko ba a daina ba.

Injiniya:
Ƙanena, an gwada. Chadi ta hana gawayi a Injamena wajen farkon 2009, ba tare da an tanadar wa mutane gas isasshe ba. Mata suka koma ƙona kashin shanu da ƙwallon goruba, wasu har da kujerun gida, aka yi ta kuka. Hani ba madadi wahala ce kawai ke sauka a kan mace. Malam Mai Gawayi ya faɗi gaskiya, mu masu saye mu ne ke aika shi daji. Kuma abin takaici, ƙasar nan na cikin masu arzikin gas a duniya, ana loda shi a jiragen ruwa a Boni a kai Turai da Asiya, wani kuma ana ƙona shi a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta dare da rana, alhali Hajiya na fifita kurfoti a Kurna. A nan ne fushin Yaya Abban Khalifa ya kamata ya sauka.

Anti Nas:
Ni ba daji ne ya fi damuna ba, ƙirjin Maman Walida ne da na yaran da ke zagaye da ita. A ɗakin yara nake aiki. Uwa za ta kawo jariri yana numfashi da kyar, in ka tambaya sai ka ji a bayanta yake goye duk lokacin da take girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Tsofaffin mata da yawa da ke fama da tari da ciwon ido, ba su taɓa shan taba ba, murhu ne.

Kuma gawayi yana da yaudara. Da yake ba ya hayaƙi kamar itace, sai a ɗauka lafiya lau ne. Akwai wata iska mai guba da yake fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi. Lokacin hunturu mutane kan shigar da kasko ɗaki su rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, da safe a tarar da su ba rai. Haka janareta in an sa shi a lungu ko a baranda kusa da tagar ɗakin kwana. 'Yar'uwa, don girman Allah, a fili za ki riƙa girki, kuma ki sauke goyo ki ba wani kafin ki zauna gaban wuta.

Abban Khalifa:
Anti, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In don lafiya ne ko don aljihu, a yi. Abin da ba na so shi ne a ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba.

Na Maiduguri:
Yaya, ni ma na san ba laifinmu ba ne, amma ruwa bai tambaye mu laifin wa ba. Daren 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da kayan jikinmu kawai muka fita daga Gwange. Na ɗauki mahaifiyata a baya, ruwa har ƙirji. Na sani akwai sakacin gyaran madatsar, kowa ya san wannan. Amma irin ruwan da aka yi a daminar nan, daga Chadi har Mali, tsofaffinmu sun ce ba su saba ganin irinsa ba. A watan ne tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe. Kafin nan kuma ku tuna azumin shekarar, zafin da aka yi, har aka auna sama da digiri 48 a Kayes ta Mali. Tun da na dawo gidan da ya rage mana, ban ƙara jefa leda a kwata ba, kuma na hana yarana. Na san ledata ba ita ta fasa Alau ba. Amma na ga yadda magudanar unguwarmu ta toshe da leda da robar ruwa, na ga inda ruwan ya bi da ya rasa hanya.

Maman Walida:
Allahu akbar. Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗan Maraɗi:
Amin. Ina gaida mutanen Najeriya. Ni manomi ne daga jihar Maraɗi, ina so in ba ku labarin abin da ya faru a wajenmu, don na ga kamar kun ɗauka daji in ya tafi ya tafi ke nan.

Bayan yunwar 1984 gonakinmu sun zama tsirara. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ba ko tsiro. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu. An kawo dashe daga gandun raino an dasa, mafi yawa suka mutu. Sai wani Bature ɗan Ostareliya mai aikin gona a nan, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da muke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwan da ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da ake yi ba wuya: in kututture ya yi toho goma, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare saura, ka riƙa yi musu aski duk shekara. Mu muna ce masa sassaben zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, mafi yawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma ba dasa su aka yi ba.

A gonata akwai gawo da kalgo da sabara da aduwa. Gawo ku kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, gero na gindinsa ya fi na ko'ina kyau, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani. Rassan da nake saukewa wajen aski su iyalina ke girki da su, har mu sayar da saura. Matata ta daina tafiyar rabin yini neman icce. Hajiya, kin ce ke 'yar ƙauye ce. In kuna da gona can, ki roƙi 'yan'uwanki bana in sun zo sharar gona kada su tumɓuke komai, kada su sa wuta. Ko sisi ba za ki kashe ba.

Mai Gawayi:
Malam na Maraɗi, wannan magana ta shige ni. Mahaifina ya bar mana gona, ƙanena ke nomawa, kuma duk shekara ƙone ta yake yi. Zan kira shi.

Malam Na Tsangaya:
Madalla da wannan zance. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. Kuma an hana mu almubazzaranci ko da a ruwan alwala. Saboda haka wanda yake ganin wannan magana ta Turawa ce, ya sake dubawa. Ni abin da nake gani a unguwarmu shi ne, mutum zai sayi fili, abu na farko da zai yi ya sare darbejiyar da ya tarar, ya malale tsakar gida da siminti, ya rufa kwano ba silin, sannan watan Afrilu ya zo yana kukan zafi yana neman kuɗin fetur. Gidan kakanninmu na ƙasa da azara, da rana tsaka in ka shiga soro sai ka ji kamar an zuba ruwa.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake son zuwa. Maza, mu dubi kanmu. Tun safe muna ta lissafin kurfotin mata, ba wanda ya ambaci injin da muke tayarwa. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na kabon. Ƙaramin janareta da ke shan lita biyu kowane dare, a wata lita 60 ke nan, kusan kilo 140. A shekara ya haura tan ɗaya da rabi, daga inji ɗaya, don fanka biyu da talabijin da cajin waya. Ku kwatanta da silindar gas mai kilo 37 da ke yi wa wasu gidaje wata guda.

Kuma ku yi lissafin kuɗin. Da fetur ya haura naira dubu, lita 60 ta fi dubu sittin a wata. Ba sai an sa sola ta miliyoyi ba. Faranti ɗaya ko biyu, batir ɗaya, fanka mai aiki da batir kai tsaye, da ƙwayaye huɗu, ba ka ma buƙatar inbata, na'urar nan mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Kuɗin fetur na 'yan watanni ne. Rana kuwa Allah ya hore mana ita fiye da Jamus da ta cika rufinta da sola. Wanda bai kai nan ba ya fara da ƙwai: tsohon ƙwan nan mai zafi yana cin wat 60, na zamani mai wat 9 yana ba da haske kamarsa. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, kowa ya ga amfanin kashe abin da ba a amfani da shi.

Abin da ke ba ni mamaki, magidanci zai ce ba shi da dubu goma sha biyar na gas, amma yana da na fetur ɗin kallon ƙwallo. Dalili shi ne ba shi ke shaƙar hayaƙin ba. Hajiya, ba da maigidanki nake ba, ban san halin da yake ciki ba. Da kaina nake, don na yi haka shekara biyu kafin in gane.

Abban Khalifa:
Injiniya, ka same ni a nan. Nawa injin lita uku yake sha. Amma sola ma ai akwai jabu, wani abokina ya sa, wata takwas batirin ya mutu.

Injiniya:
Akwai jabu da yawa, kuma akwai ɗora wa batir abin da ya fi ƙarfinsa. In ana zuƙe shi har ƙasa kullum, ko mai kyau ne ba zai yi shekara ba. Dutsen guga da hita da firji babba ba na ƙaramar sola ba ne. Ka sa wanda ya san aikin ya lissafa maka kayan da za ka kunna kafin ka sayi komai. In batirin ya mutu kuma kada a yar a bola ko a bar yara su fasa, akwai dalma a ciki, guba ce. Masu sayarwa suna karɓar tsoho su rage maka kuɗi.

Ummu Sadik:
Ni tsakiya na bi. Ban bar gas gaba ɗaya ba, ban kuma dogara da shi ba. Na sayi ƙaramar silinda mai kilo 6, da ita nake shayin safe da ɗumame da abincin jariri, duk abin da bai wuce minti goma sha biyar ba. Hura gawayi don tafasa ruwan shayi asara ce, rabinsa a hurawa yake ƙarewa. Abu mai daɗewa kamar wake da tuwo shi nake kai wa gawayi. Kurfotina kuma na canza, na sayi mai yumɓu a ciki da 'yar ƙofa a ƙasa. Yumɓun yana riƙe zafi, ƙofar kuma in tukunya ta tafasa sai ki tura ta, wutar ta lafa. Buhun da ke yi mini sati uku yanzu yana haura wata. Na ƙarfe zalla ɗin nan zafi ta ko'ina yake fita, har ƙafarki yake gasawa.

Iyan Biyu:
Haka ne 'yata. Mai itace ma ta daina ajiye duwatsu uku a fili. Ta kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta gina murhu ya rungume tukunyar, ƙofa ɗaya ta sa itace. Mu da hannunmu muke yi a da. Itace biyu sun isa, ba sai an cusa biyar ba. Kuma a bar shi ya bushe, ɗanye hayaƙi ne kawai.

Ɗan Fage:
Duk wannan ƙanana ne. Buhari ya je taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake shanyewa ba, har aka sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. Ina aka kwana?

Na Maiduguri:
A tambaye su, haƙƙinmu ne, in sun zo neman ƙuri'a a tambaye su kuɗin gas da gyaran madatsu. Amma ni ba zan jira 2060 ba kafin in yashe kwatar ƙofar gidana.

Maman Walida:
Salamu alaikum, na dawo bayan sati biyu kamar yadda na yi wa Iya alkawari ta akwatin saƙo. Na gwada bargon. Ranar farko shinkafar ta ɗan yi tauri don na yi gaggawar buɗewa, ta biyu ta yi daidai. Yanzu wake kullum haka nake yi, Walida ce ma ta ɗinka wa kwandon riga da tsofaffin zannuwa. Buhun da na buɗe ranar da na yi wannan tambaya, da yanzu ya kusa ƙarewa, ga shi bai kai rabi ba sosai.

Na karanta wa Babansu maganar Injiniya ta fetur. Ya yi shiru, bai ce komai ba a daren. Washegari ya ɗauki ƙaramar silindar da ke jingine a bayan ƙofa ya je ya sa mata kilo uku. Injin kuma yanzu ƙarfe goma yake kashewa, ya ce zai fara tara na faranti da batir. Na kira yayana a ƙauye kan maganar Malam na Maraɗi, ya ce ya san gawo, akwai kututture huɗu a gonar Babanmu da ke toho duk shekara yana sarewa, bana zai bar su.

Saura abu ɗaya. Tsakar gidanmu siminti ne, amma akwai ɗan wuri a ƙofar gida ta yamma inda rana ke dukan bangon ɗakin yara. Ina son in sa bishiya. Maƙwabcinmu ya ce darbejiya saiwarta na fasa gini. Me zan dasa?

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, in wurin bai kai taku biyar daga bango ba, bar darbejiya. Sa zogale biyu ko uku a jere, yana saurin tashi, saiwarsa ba ta ɓarna, ga ganyen miya. In ya kai tsayin mutum ki datse kansa don ya yi rassa. Ki jira ruwa ya zauna kafin ki dasa, ki kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe shi.

Maman Walida:
Taku uku ne, yanzu Walida ta auno. Zogalen za mu sa. Iri zan nema ko reshe?

Ɗan Maraɗi:
Iri ya fi, saiwarsa ta fi shiga ƙasa. Ki sa ƙwaya biyu a rami ɗaya, in duka sun fito ki cire mai rauni.